Abin da lilon wani bene a Pasadena ya koya mini

Lokacin da nake aikin bincikena na digiri na biyu a fannin injiniyan gine-gine, na zaɓi in gano halayen wani gini daga yadda ya motsa a girgizar ƙasa, maimakon in dogara da zanen da aka gina shi a kai. Ginin shi ne wanda a da ake kira ɗakin karatu na Millikan (an sauya masa suna zuwa Caltech Hall a 2021) da ke jami'ar Caltech a Pasadena ta jihar Kalifoniya, bene mai hawa tara na siminti da rodi, wanda na'urorin auna girgiza da ke ƙasansa da rufinsa suka naɗi motsinsa a girgizar San Fernando ta ranar 9 ga Fabrairu, 1971.

Kowane gini yana da tsawon lokacin da yake ɗauka ya yi lilo sau ɗaya, kuma nauyinsa da taurinsa ne ke ƙayyade shi. Hanyar da na bi ita ce kwatanta motsin rufi da na ƙasa ta lissafin Furiye, wato lissafin da ke rarraba motsi zuwa nau'o'in lilo masu sauri daban-daban da suka haɗu a cikinsa. Kuskurena na farko shi ne na zuba bayanan girgizar gaba ɗaya a lissafi guda, sai sakamakon ya fito a cakuɗe, domin ginin ba ya riƙe hali ɗaya yayin da ake jijjiga shi. Da na yanka bayanan gunduwa-gunduwa, sai na ga lilon gabas zuwa yamma, wanda a da yake ɗaukar kusan sakan 0.7, ya kai kusan sakan 1 a tsakiyar girgizar. Tun da nauyi bai canza ba, wannan na nufin taurin ya ragu da kusan rabi.

A nan na yi gaggawar yanke hukunci cewa ginin ya lalace ƙwarai, har malamina ya nuna mini awon da aka yi bayan girgizar, inda lilon ya koma kusan sakan 0.8. Tsagewar siminti takan buɗe ta sake rufewa, ƙasar da ke riƙe da harsashin ginin ma tana sassautawa, kuma na'ura ba ta bambanta waɗannan da kanta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwan sama mai yawa kaɗai yana iya ƙara saurin lilon wannan ginin da kusan kashi 3 cikin 100.

Saurin lafawar lilon kuwa ya fi komai wuyar kamawa, domin duk lokacin da na canza tsawon gunduwar, adadin sai ya sauya. Saboda haka a rahotona na rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da na samu, tare da tsawon gunduwar da ta ba da kowanne.