Abin da ɗinkin Sallah ya koya mini game da tumbina

Ni tela ne, shekarata 19 a kan keke. Duk wanda ya san sana'ar nan ya san yadda goman ƙarshe na azumi take: shadda da yadi jibge har saman kabad, kowa yana son nasa kafin daren Sallah, barci kuwa sai dai a ɗan sata a kan benci. A irin wannan lokaci ne, shekara 3 da suka wuce, na shiga banɗaki bayan sahur na ga bayan gidana ya fito baƙi wuluk kamar kwalta, da wani irin wari da ban taɓa ji ba. Da na miƙe sai jiri ya kwashe ni, sai da na dafa bango.

Kafin ranar na kai shekara 6 ina fama da abin da kowa yake kira olsa. Zafi ne a daidai ƙahon zuciya, kamar an ajiye garwashi, yakan tashe ni wajen ƙarfe 2 na dare, in na ɗan ci wani abu sai ya lafa. Saboda haka na yanke wa kaina hukunci cewa yunwa ce take cin cikina. A durowar keke kullum akwai madarar gwangwani, a gida kuma mai ɗakina tana jiƙa mini jar kanwa a kofi, in sha in yi gyatsa mai ƙarfi in ji sakayau. Ga kuma ciwon baya, wanda kusan babu telan da ya tsira daga gare shi. Shi kuma maganinsa diklofenak, ina aiken yaron shago kemis ya sayo. A azumin nan biyu nake sha da sahur, biyu da shan ruwa. Mai kemis bai taɓa tambaya ko ina da ciwon ciki ba, ni ma ban taɓa kawo wa raina cewa ciwon baya da ciwon ciki suna da wata alaƙa ba.

A asibiti aka ce jinina ya yi ƙasa, aka sa mini ƙarin ruwa, aka kwantar da ni. Washegari, bayan na kwana ban ci komai ba, aka fesa mini wani magani a maƙogwaro, aka zura wani siririn tiyo mai kyamara a baki har ciki. Da aka gama likitan ya juyo da hoton ya nuna mini. Na ga bango ja mai sheƙi, da tattara a jere kamar an yi wa yadi kalmasa, can gaba kuma, bayan wata 'yar ƙofa, ga wani farin tabo mai jan baki, bai wuce girman maɓallin riga ba. Ya ce, "Malam, ga gyambon nan, a farkon hanji yake, daf da mafitar tumbi. Baƙin da ka gani jini ne, ya narke a hanya kafin ya fita. Wane maganin ciwon jiki kake sha?" Da na faɗa masa, da yawan da nake sha, sai ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce daga yau na rabu da shi, da aibufurofen, da asfirin, sai in likita ne ya rubuta yana sane da tarihina. Azumin da ya rage ma ya ce in ajiye, na rama bayan na warke.

Bayanin da ya zauna mini sosai ɗan yayata ne ya yi shi, wanda yake karatun aikin jinya. Kwana 4 ya yi yana jinyata, ni kuma na dame shi da tambaya. Farkon abin da na tambaye shi shi ne ina tawul ɗin, domin na feɗe ragon layya ba sau ɗaya ba, kuma a zatona cikin mutum haka yake. Ya ce, "Kawu, rago ɗaki huɗu gare shi saboda ciyawa yake ci yana tuƙa. Kai ɗaki ɗaya gare ka." Ya zana mini shi a bayan katin asibiti: wata jaka mai lanƙwasa kamar salka, a sama ta ɓangaren hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, ba wajen cibiya ba inda nake nunawa. In babu komai a ciki takan tsuke, tattarar nan da na gani ita ke ba ta damar buɗewa ta ɗauki lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cin abinci na yau da kullum.

Jakar nan tsoka ce, hawa uku: wani zaren ya bi tsaye, wani ya zagaye, wani ya bi a karkace. Wannan ya shiga kaina nan take, domin kowane tela ya san yadi yana da tsaye da kwance, kuma yankan karkace shi ne mai miƙewa. Da wannan tsokar tumbi yake matsa abinci, kusan sau 3 a minti ɗaya, yana turawa gaba, ƙofar fita tana rufe, abincin ya dawo baya, a sake matsawa, kamar mai dama fura da ludayi tana murje ƙullutu a jikin ƙwarya. Sai abin ya koma kamar kunu sannan ƙofar take barin kaɗan-kaɗan ya wuce hanji. Ruwa yakan wuce da sauri. Cikakken abinci yakan ɗauki awa 2 zuwa 4, mai maiƙo kuma ya fi daɗewa, shi ya sa ƙosai da soyayyen nama suke zama daram a ciki.

Sai maganar tsami, wadda ita ce ta shafe ni. Bangon tumbi yana fitar da ruwa wajen lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, a cikinsa akwai asid mai ƙarfi da ake kira haidirokulorik. A ma'aunin tsami, inda ruwan sha yake kan 7 kuma ƙasa-ƙasa ya fi tsami, ruwan tumbi yakan kasance tsakanin 1.5 da 3.5. Aikinsa ya kashe yawancin ƙwayoyin cutar da muke haɗiya, ya warware nama da wake da ƙwai, sannan ya tayar da wani sinadari mai suna fefsin wanda yake yayyanka su. Fefsin ɗin ma a kulle ake fitar da shi, kamar reza a cikin takardarta, sai ya haɗu da asid yake buɗewa. Kuma ba sai abinci ya iso ake fara zubo ruwan ba. Ƙamshin miya kawai, ko ganin kwano, ya isa ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ta jijiya a fara shiri. Na tuna yadda cikina yake ɗaukar zafi da la'asar sakaliya in maƙwabta suka fara suya, ashe dalilin ke nan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tumbi ba shi ne yake tsotse amfanin abinci ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Tuwo tun a baki yawu yake fara narka shi, tumbi ya dama, amma ainihin aikin a ƙaramin hanji ake yin sa, wanda tsawonsa ya kai wajen mita 6.

Na ce masa, to in har ruwan nan yana narka nama, shi ma tumbin ai nama ne, me ya hana ya narke? Ya ce, "Shafi gare shi, Kawu." Wata majina ce mai yauƙi kamar miyar kuɓewa take lulluɓe bangon, a cikinta akwai sinadari ɗan'uwan kanwa da yake kashe kaifin asid kafin ya taɓa nama, ƙwayoyin fatar bangon kuma ana sabunta su duk bayan 'yan kwanaki. Gyambo yana fitowa ne in shafin nan ya yage. Abu biyu ne suka fi yaga shi, kuma duka biyun na haɗa. Na farko magungunan ciwon jiki irin diklofenak: hanyar da suke bi su kashe ciwon baya ita ce dai hanyar da jiki yake bi ya ba da umarnin yin majinar, in an toshe ɗaya an toshe ɗayar. Ko allura aka yi ba ƙwaya aka haɗiya ba, illar tana nan, domin ta jini take zuwa. Na biyu wata ƙwayar cuta ce, Helikobakta failori, wadda ake rubutawa H. pylori a takardar gwaji. An same ta a ɗan naman da aka tsakuro lokacin leƙa cikina. Ita tana ɓuya a cikin majinar, tana fitar da wani sinadari mai suna amoniya ta kare kanta daga asid, ta zauna shekara da shekaru tana kumbura bangon. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, galibi tun ƙuruciya, kuma yawancinsu ba sa yin gyambo.

Ya ba ni labarin likitoci biyu na birnin Perth a Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, da suka gano ta a farkon shekarun 1980, lokacin da ake ganin babu abin da zai rayu a cikin wannan tsami. Da aka ƙi yarda da su, a 1984 Marshall ya shanye ruwan da aka raini ƙwayar a ciki, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura ya fara amai. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Akwai kuma labarin da ya fi tsaya mini, wataƙila saboda akwai zare a ciki. A 1822 harsashi ya huda cikin wani saurayi mai suna Alexis St. Martin a tsibirin Mackinac na Amurka, ya warke amma ramin bai rufe ba. Likitan soja William Beaumont ya riƙa ɗaure yankan nama da zaren siliki yana zurawa ta ramin, bayan awa ɗaya ko biyu ya jawo ya duba abin da ya rage, ya wallafa abin da ya gani a 1833.

Madarar da na dogara da ita ma ashe rance nake ci. Tana sanyaya wurin na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙaro asid. Kanwa kuwa da gaske tana kashe tsami, gyatsar nan iskar da haɗuwarsu take haifarwa ce, amma ba ta taɓa ƙwayar cutar, ba ta rufe gyambo, ga gishirin da ke cikinta ba alheri ba ne ga mai hawan jini. Ina ganin wannan ne ya fi cutar da ni: sauƙin da nake samu shi ya hana ni zuwa asibiti shekara 6. Yunwa da yaji da nake zargi suna tayar da zafin gyambon da yake akwai ne, ba su suka haƙa shi ba.

Maganin kwana 14 ne: omefrazol mai rage asid safe da yamma, rabin awa kafin abinci, da magungunan kashe ƙwayar cuta kala biyu. Ɗaya daga cikinsu yana barin ɗaci a baki kamar an tsotsi ƙarfe, ga tashin zuciya. A rana ta 5 zafin ya ɗauke gaba ɗaya, na ce wa mai ɗakina ai na warke. Ta ce, "Maigida, likita 14 ya ce," ta ci gaba da miƙo mini da kofin ruwa har suka ƙare. Da na tsaya a nan, da ƙwayoyin da suka rage sun farfaɗo, kuma maganin ba lallai ya sake cin su ba. Na ci gaba da omefrazol na wasu makonni, aka ce in dakata da shi mako 2, sannan aka gwada bayan gida, domin in ana shan sa gwajin yana iya nuna babu alhali akwai. Sakamako ya nuna ta tafi.

Azumi biyu na yi cur tun daga nan. Da shan ruwa dabino da ruwa da kunu nake farawa, sai bayan Magariba in ci abinci a natse, ina taunawa sosai tunda na san duk abin da haƙori ya bari tumbi ne zai yi dakonsa. Bayan sahur ba na kwanciya nan take, domin in an kwanta da cikakken ciki asid yakan hauro ya zama ƙwannafi. Ciwon baya kuma na ɗaga kujerata ta daidaita da keke, ina miƙewa in taka duk bayan awa ɗaya, in ya matsa in sha farasitamol. Ɗinkin Sallah na rage karɓa, daga 15 ga wata nake rufe littafi.

A azumin bana na buɗe durowar ɗaya daga cikin yaran shagona ina neman almakashi, sai na ga sacet ɗin diklofenak saura ƙwaya biyu, kusa da shi ga gwangwanin madara an huda. Na kira shi na tambaye shi ko cikinsa yana tashinsa da dare. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Eh, Oga, amma in na ci abinci yana bari." Na ɗauko katin asibitin nan, wanda har yanzu zanen salkar yake bayansa, na zaunar da shi a benci na nuna masa inda shafin yake. Ranar Litinin da safe na ɗauke shi a babur muka tafi asibiti.