Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Shekarar Ƙanzo

A makon jiya na tsaya inda ciwon shanu na bushiya ya cinye garken Baffa a 1983, ya bar masa saniya biyu. Daminar shekarar ma ba ta yi kyau ba, gero na fid da kai ruwa ya ɗauke. Muna ƙauyenmu na ƙasar Nafada, kusa da kogin Gongola. Lokacin duk Jihar Bauchi ce, Gombe ba ta samu tata ba sai 1996.

Da azumin 1984 ya kama, sai an shiga cikin rumbu an duƙa kafin a taɓa hatsi. Ga canjin kuɗin da gwamnatin Buhari ta yi ya ƙara rikita kasuwa. Shekarata 13. Ɗiban ruwa, surfe, daka, itace, duk ni da yayata Adda ne. Amma in an zo rabon tuwo, kwanon Baffa ne farko, sai na su Hamma masu zuwa gona, sai na ƙananan yara don kada su cika gida da kuka. Mu namu ƙanzo. Adda ta kankare gindin tukunya, ta jiƙa, ta barbaɗa gishiri da barkono, in an yi sa'a a marmasa ƙuli ɗaya. Da rana kuwa ganyen tafasa, a dafa a matse a kwaɗanta. Nono mun manta kamarsa.

Ana haka Kawu ya zo daga Bajoga, lokacin yana aiki a kamfanin siminti na Ashaka, yana da albashi. Ya dube ni ya ce, "Ke kuwa me ya rame da ke haka?" Na buɗe baki ke nan Goggo ta damƙi kunnena ta ja ni bayan ɗaki. "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba," in ji ta. Ta koma ta ce masa, "Sai godiya, zazzaɓi ta yi." Zabuwa ɗaya ta rage mana, ita aka yanka masa. Ya ci, ya sa albarka, ya tafi bai san komai ba. Allah ya jiƙan Goggo, na yafe mata, amma wallahi da ta bar ni na yi magana da buhun dawa ya shigo gidan nan.

A daminar na fara al'ada. In na ɗora tulu sai ƙasa ta juya mini, zuciyata ta riƙa bugu kamar na yi gudu. Na kama cin farar ƙasa a ɓoye. Aka ce iska ce, aka yi ta ba ni rubutu.

Sai a 2023 na ji sunan ciwon. Mun kai jikana asibitin unguwa, aka ɗaura masa ɗan abin awon nan a damtse, ya nuna ja, aka ce tamowa, aka rubuta masa gyaɗar nan ta cikin leda. Yayarsa mai shekara 14 ce ta goyo shi, tana tsaye tana haki. Na ce, "Malama, ita fa?" Ta ce shirin na 'yan wata 6 zuwa shekara 5 ne. Duk da haka, Allah ya saka mata, ta ja fatar idon yarinyar ƙasa, fari fat. Ta ce ƙarancin jini ne, yarinya mai tasowa tana gina ƙashi, ga jinin da take zubarwa duk wata, dole ta samu wake, zogale, ƙwai ko hanta, a haɗa mata da maganin ƙarin jini.

A hanyar gida na kasa magana. Uwar yarinyar nan, 'yata ta fari, ni da bakina na taɓa ce mata ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, shekarar da mahaifinsu ya kwanta jinya, ta ce za ta gaya wa baffanninta ba mu ɗora tukunya ba. Ko kunnen ma na ja. Ban taɓa neman gafararta ba sai daren ranar.

Yanzu a gidana budurwa ake fara zuba wa, tun miya na da wake a ciki. Surukina ya yi gunaguni sau ɗaya, na ce ya je ya duba idon 'yarsa.

Adda ta fi ni shan wahalar shekarar, don sau da yawa takan tura mini nata kason ta ce ta ƙoshi. Da kaka aka ɗaura mata aure, tana da 15, tsayinta bai wuce nawa ba. Labarin auren da haihuwarta ta fari sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.