Abin da Yatsa Ya Goge

Wata ukun farko da na yi a ɗakin binciken da na je karatun digiri na uku a Ingila, ban da ɓarnar zomaye babu abin da na tsinana. Aikin a baki ba shi da wuya. A ciro babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciyar zomo, a yayyanka ta kamar zobba, kowane bai wuce milimita 3 ko 4 ba, a rataye zobe ɗaya tsakanin ƙugiyoyi biyu a cikin ɗan kofin gilashi mai ruwan gishiri da ɗuminsa ke kan digiri 37, kamar na jiki, iskar oksijin tana ɓulɓulowa daga ƙasa. A ɗiga maganin da zai sa zoben ya tsuke, layin na'ura ya hau sama. Sannan a ɗiga asetilkolin, wani sinadari da jiki ke aika saƙo da shi, zoben ya saki jiki, layin ya gangaro. Na kowa yana gangarowa. Nawa yana tsaye ƙyam, wani lokacin ma sai ya ƙara hawa.

Na zargi maganin, na haɗa sabo. Na zargi ruwan. Har zomayen sai da na zarga. Ran nan wata dattijuwar ma'aikaciya, wadda ta girmi shugaban ɗakin a wurin aiki, ta jawo kujera ta zauna kusa da ni ta ce in yanka wani tana gani. Ko na'urar ba ta kalla ba, hannuna take kallo. Ashe duk lokacin da zan cire kitse da gudan jini, sai in zura bakin hantsaki cikin ramin jijiyar in jujjuya. Ni a ganina tsabta nake yi. Abin da nake kankarewa kuwa shi ne endoteliyam, wato shimfiɗar nan da ke lulluɓe da cikin kowace hanyar jini, wadda kaurinta ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Ta ce kada in damu, wanda ya fi ni ya yi shekara 25 yana wannan kuskuren.

Robert Furchgott take nufi. Tun 1953 yake yanka jijiyar zomo a murɗe kamar ɓawon lemon da aka fere, yana jan ta a kan yatsa, kuma kullum asetilkolin tsuke masa ita yake yi, alhali kowa ya san idan aka zuba wa dabba mai rai wannan sinadari hanyoyin jininta buɗewa suke yi. Saɓanin yana gabansa, ya rubuta shi, ya ci gaba da wasu ayyukan. Sai a 1978, a ɗakinsa da ke Brooklyn, mai taimaka masa ya tsallake wani mataki na gwaji, kuma a ranar da zobe ake aiki ba murɗaɗɗen yanka ba, sai jijiyar ta saki. Furchgott ya haura shekara 60 a lokacin. Bai ce yaro ya yi shirme a sake ba. Ya bi diddigi har ya gano yatsa ne yake goge shimfiɗar, kuma a 1980 shi da John Zawadzki suka buga a mujallar Nature cewa idan babu endoteliyam, jijiya ba ta jin kiran asetilkolin. Shimfiɗar ce ke karɓar saƙon, ita kuma ta aika wani saƙon ga tsokar da ke bayanta.

Shekara shida aka kwashe ana lalube kafin a kama wannan ɗan aike na biyu, domin cikin daƙiƙu kaɗan yake ɓacewa. A 1986 Furchgott da Louis Ignarro, kowa ta hanyarsa, suka ce iskar naitirik oksaid ce, shekara ta zagayo Salvador Moncada da abokan aikinsa suka auna ta tana fitowa daga ƙwayoyin. Iskar da aka sani a hayaƙin mota, ita jiki yake ƙerawa daga sinadarin arjinin, ta ratsa cikin tsoka, ta tayar da wani enzayim, wato sinadarin da ke hanzarta aiki a cikin ƙwayar halitta, wanda Ferid Murad ya nuna tun 1977 cewa ta nan naitirogiliserin yake bi ya sauƙaƙa ciwon ƙirji. A 1998 aka ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel. Moncada bai samu ba, kuma ina cikin masu ganin an yi masa ƙwange, amma dokar kyautar ba ta wuce mutum uku.

Na gyara hannuna, zobbana suka fara saki, na koma kan ƙwayoyin da ake rainonsu a faranti, waɗanda muke wankowa daga jijiyar cibiyar jarirai. Su ma sun koya min nasu. A faranti suna kwance birjik kamar daɓen tsakuwa, amma da an bi da ruwa a kansu na kwana ɗaya sai su miƙe su jeru suna fuskantar inda ruwan ya nufa, enzayim ɗin da ke yin naitirik oksaid ya ƙara himma. Wato gogar jinin kanta saƙo ce. Tun daga nan nake ɗari-ɗari da duk sakamakon da aka samo daga ƙwayar da ba ta taɓa jin gudu a bayanta ba, har da wanda na buga da hannuna.

Na dawo gida ina jin na gama koyon darasin yatsa. Ashe da sauran rina a kaba.

Aikin da na ɗauko a nan na yara masu sikila ne, don a ƙasarmu ba sai ka je nema ba, kowane gida ya san wani. Naitirik oksaid ba ya jira a auna shi, sai dai a auna tokarsa, wato naitirayit da naitireit da yake bari a ruwan jini. Hanyar da aljihunmu zai iya ita ce ta Griess: a zuba sinadari, ruwan ya koma ruwan hoda, na'ura ta auna kaurin launin a wajen nanomita 540. Abu ne mai saurin ruɗi. Yaro ya sha miyar alayyafo da daddare, safiya ta yi ka ga naitireit ɗinsa ya hau, ka ɗauka jijiyarsa ce ta yi ƙoƙari. Babbar matsalar kuma ita ce hemogulobin, jan sinadarin da ke cikin ƙwayoyin jini, shi ma a daidai wannan wurin yake shan haske. Saboda haka na kafa doka: duk samfurin da ruwansa ya sirka da ja bayan an juya shi a injin da ke raba ruwan jini da ƙwayoyinsa, a zubar. Dokar ba ta banza ba ce, kowane littafi haka ya ce. Allura siririya, ko jan sirinji da ƙarfi, ko barin kwalba a mota cikin zafin Afrilu, duk suna fasa ƙwayoyin jini.

Akwai wani dattijo mai kula da ɗakin gwajinmu, Baba muke ce masa, ya fara aiki tun ina firamare. Bai taɓa musa min ba, amma bai zubar ba. Yana jera su a wani kwali can ƙasan firiza, ya rubuta lamba da ranar ɗiba da sunan wanda ya ɗiba. Wata rana ina faɗa a kan wuri ya cika, sai ya ce, "Dakta, Allah ya ba ki haƙuri, ki duba littafin nan tukuna. Ni dai na ga ko wa ya ɗebi jinin yaran nan, su ɗin dai su ne nasu yake zuwa da ja."

Na duba. Lambobin suna maimaita kansu. Hannu uku daban-daban, watanni daban-daban, yara ɗaya. Na ce, "Baba, tun yaushe ka lura?" Ya ce tun kafin azumi, amma ya ga raina a ɓace yake a kwanakin.

Abin kunyar shi ne amsar tana cikin kaina tuntuni. Ɗaya daga cikin alamun da suka sa aka gane ɗan aiken Furchgott shi ne cewa hemogulobin yana kashe shi nan take. Ni kaina na sha ɗiga shi a kofin gilashi don in hana zobe saki. Jar ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kwana 120, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta fashe, wasu a cikin jijiya. Hemogulobin da ya tsere daga ƙwaya yana lashe naitirik oksaid kafin ya kai ga tsoka, ƙwayar da ta fashe kuma tana zubo wani enzayim mai cinye arjinin, wato an tare ɗan aike a hanya an kuma kwashe guzurin na bayansa. Masu bincike a cibiyar lafiya ta ƙasar Amurka sun buga wannan tun 2002, kuma na karanta. Har yau ana jayayya a kan iyakar rawar da yake takawa a hawan jinin huhu da gyambon ƙafa, ni ma ban yarda shi kaɗai ne bayanin komai ba. Amma ni da na san duk wannan, na tsaya ina tsince yaran da suka fi nuna abin da nake nema ina fitar da su daga lissafi, don in samu jadawali mai tsabta.

Ba duk jajayen ne na cuta ba, wasu lalle hannu ne ya fasa su, kuma raba biyun ya ci mana kusan shekara: sake ɗiba da allura mai faɗi, tace ruwan jinin kafin a zuba sinadari, auna hemogulobin ɗin da kansa a kowane samfuri. Kwalin Baba kuwa bai kai ga wannan ba. An ɗauke wuta kwana huɗu a lokacin hutu, man janareto ya ƙare, duk abin da ke firizar ya narke. Littafin ne ya tsira, da lambobinsa muka bi muka sake nemo yaran, wasu a ƙauyukan da sai da babur. Biyu daga cikinsu da muka isa an riga an yi musu sadakar arba'in.