Ranar da VTP ta share mana VLAN gaba ɗaya

Abin ya faro ne da ƙaramin aiki wallahi, na ƙirƙiri VLAN 40 (VLAN wani yanki ne na netiwok da ake warewa a cikin suwic) a babban suwic ɗinmu na Cisco wanda shi ne sabar VTP, wato tsarin da ke rarraba jerin VLAN tsakanin suwic-suwic, duk sauran suwic ɗin suka karɓa sai guda ɗaya da muka ɗauko daga sito muka jona da safen nan. Na buga show vlan brief a kansa, babu 40 babu alamarta.

Na fara zargin kebul da tiranki, wato layin da ke ɗaukar VLAN da yawa tsakanin suwic-suwic, don VTP ba ta bin layin da ba tiranki ba. Na duba show interfaces trunk, komai lafiya, 802.1Q na aiki. Sai na koma show vtp status ina gwada sunan domen, wato sunan rukunin VTP ɗinmu, harafi da harafi, tunda babban baƙi ɗaya ya isa ya raba su, shi ma daidai. A log ne na ga yana ta kukan MD5, wato hatimin tantance saƙonnin VTP, bai dace ba, ashe kalmar sirri ce daban.

To a nan na yi kuskuren da har yau yake min ciwo. Lambar ribishin, wadda ke ƙaruwa duk sanda aka canza jerin VLAN, na nan a gabana a allon, ta suwic ɗin siton 57, ta sabarmu 23, idona ya bi ta kai na wuce, don a raina ai yana client ne, wato mai karɓa kawai, ba abin da zai iya canzawa. Ina gyara kalmar sirrin ba a jima ba fitilun fot (ramukan da ake cusa kebul) suka koma ruwan lemo layi guda, wayoyin tebur suka ɗauke, aka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Suwic ɗin nan an taɓa gwaji da shi da sunan domen ɗinmu, kuma a VTP 1 da 2 mai lamba mafi girma shi ake bi, ko client ne, sai kowa ya zubar da nasa jerin ya ɗauki nasa. Fot ɗin da VLAN ɗinsa ta ɓace kuwa zama yake shiru kawai.

Na zare kebul ɗinsa, na buɗe tsohon kwafin da na ajiye na dinga shigar da VLAN ɗaya bayan ɗaya a saba, hannuna na rawa. Allah Ya taimaka fot-fot ɗin ba su manta lambobinsu ba, kowace VLAN na dawowa fitilunta na komawa kore.

Abin da mutane da yawa ke mantawa, write erase, umarnin goge saitin suwic, ba ya taɓa vlan.dat, fayil ɗin da ke riƙe jerin VLAN, yana nan cikin filash da lambarsa. Yanzu duk suwic ɗin da zai shigo sai na goge fayil ɗin, ko na mai da shi transparent, yanayin da ba ya ɗaukar jerin kowa, lambar ta koma 0, na gani da idona kafin kebul ya shiga. Daga baya mun koma VTP 3, inda primary, wato babbar sabar, kaɗai ke iya canza jerin, ni dai da za a bi tawa ma a ƙaramin netiwok transparent zan bar kowa in riƙa shigarwa da hannu.