Abin da rajistar sabar ofishinmu ta koya mini

Shekara biyu ke nan ina kula da kwamfutar wata ƙungiyar manoman shinkafa a wani ƙauye da ke gefen Haɗeja. A da, takardar neman taki ko rancen noman rani sai ta yi sati tana yawo cikin fayil, daga teburin sakatare zuwa na ma'aji, sannan ta zauna jiran shugaba ya dawo daga kasuwa ya sa hannu. Da aka kawo manhajar da ke miƙa takarda daga hannu zuwa hannu da kanta, ni aka danƙa wa sabar: wata tsohuwar kwamfuta mai tsarin aiki na Ubuntu a ƙarƙashin tebur, wadda manhajar ke aiki a kanta, tana shan wutar sola da ƙurar hunturu.

Tun satin farko aka fara kirana. Sakatare ya ɗauki hoton takardar gona da waya, ya tura, ta ƙi shiga, sai lamba 413 a fuskar kwamfuta. “Malam, na'urarka ta ƙi ni,” in ji shi. Ashe Nginx, manhajar da ke tsaye a ƙofar sabar tana karɓar duk abin da aka aiko, in ba a gaya masa ba, ba ya karɓar abin da ya wuce megabait 1. Hoton waya kuwa ya ninka haka. Layi ɗaya na gyara, client_max_body_size, na ɗaga shi zuwa megabait 20, shi ke nan.

Garin neman wannan matsalar ne na yi wa kaina tsiya. Na buɗe rajistar manhajar, fayil ɗin da take rubuta abin da ya faru, a matakin debug, wato ta riƙa rubuta kowane motsi, na kuma manta ban mayar ba. Ni a tunanina logrotate, mai aikin rage tarin rajista, zai share tsofaffin bayanai, tunda yana yi wa rajistar Nginx haka kullum. Ban san sai na rubuta wa manhajar nata umarnin a /etc/logrotate.d ba. Sannu a hankali fayil ɗaya ya cinye faifan gaba ɗaya. Ranar rabon taki, tsakar ofis cike da mutane da babura, komai ya tsaya cik. Da na buga df -h don duba cikar faifan na ga kashi 100, sai da gumi ya keto mini cikin sanyin nan. Yanzu a matakin info, mai rubuta muhimman abubuwa kawai, na bar rajistar, ana naɗe ta kowace rana, ana ajiye ta kwana 30.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ta agogo ce. An ce ƙarfe 12 na rana za a rufe karɓar takardu. Wani dattijo da ya makara aka hana shi, ya zo ya ce an shigar da takardar wani bayan an rufe. Shugaba ya kira ni: “Yaro, duba mana littafin naka.” Na duba, rajista ta ce 11:40. Aka ba dattijon haƙuri, ya tafi yana girgiza kai.

Da daddare abin ya dawo mini. Sabar tana kan agogon UTC, wato agogon GMT, tun ranar da aka ɗora ta, agogon Najeriya kuwa yana gaba da shi da awa guda. Ke nan 12:40 aka shigar da takardar, dattijo ne mai gaskiya. Shaida na kawo wa shugaba, shaidar kuma agogonta a karkace.

Washegari bayan asuba na sami shugaba a ƙofar gida. Na ce, “Ranka ya daɗe, jiya na yi kuskuren karatu.” Ya saurare ni har ƙarshe, ya aika a kira dattijon, aka karɓi takardarsa. Na koma ofis na mayar da agogon sabar kan Africa/Lagos. Wanda ya shigar da waccan takardar kuwa ya yi wajen sati biyu yana amsa gaisuwata da hanci.