Mutanen da ba a sayen bakinsu

Shekarata huɗu ke nan ina aiki a wani ƙaramin masauki ta wajen Unguwar Rimi a nan Kaduna. Ni ne mai karɓar baƙi, ni ne mai rubuta rasit, kuma da aka lura na fi kowa zama da waya a hannu, sai aka ɗora mini kula da sunanmu a Google Maps. Yawancin baƙinmu jirgin ƙasa ke kawo su. Tun da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, mutum zai taso daga Idu, kafin ya sauka a Rigasa ya riga ya zaɓi inda zai kwana. Bai tambayi kowa ba. Taurarin yabon da aka ba masauki a Google Maps ya duba, da abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashinsu.

Wata rana maigidanmu ya kira ni ofis, ya juyo mini da fuskar wayarsa. "Kai, me ya sa masaukin bayanmu ya fi mu taurari? Gadajensu sun fi namu ne?" Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya ce to in san yadda zan yi.

Abin da na yi kuwa, har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na tara abokai da 'yan unguwa, na saya wa kowa katin waya na naira ɗari biyar, na ce su shiga su ba mu taurari biyar. Suka shiga. Wannan ya rubuta "wuri mai kyau", wancan ya rubuta "masha Allah", wani ma ya yaba da wurin ninƙayarmu, mu da ko kududdufi ba mu da shi. Ba a jima ba da yawansu suka ɓace, domin ƙa'idar Google ta hana a ba mutum wani abu don ya rubuta sharhi. Waɗanda suka tsira kuma babu baƙon da ya taɓa cewa su suka kawo shi.

Wanda baƙi ke ambata daban ne, kuma taurari uku kacal ya ba mu. Wani mutum ne da aka rubuta Local Guide a ƙarƙashin sunansa, wato laƙabin da Google ke ba masu sa kai wajen bayanin wurare, da ɗaruruwan sharhi da dubban hotuna. Ya ce ɗakunan suna da tsabta, masar karin kumallo ta yi daɗi, amma ruwan zafi ba ya zuwa kafin asuba, janareta na jikin ɗakunan baya, don haka mai son barci ya nemi na gaba. Ya ƙara da cewa akwai matakala uku a bakin ƙofa, mai keken guragu ba zai shiga ba sai an ɗaga shi. Sau da yawa baƙo zai tsaya a gabana ya ce, "A ba ni ɗakin gaba, na karanta zancen janareta." Abin ya riƙa ƙona mini rai, alhali kuwa mutumin nan shi ke turo mana ciniki.

Na rubuta amsa a ƙarƙashin sharhinsa, na roƙe shi ya kira lambar masaukin. Ya kira, ya kuma zo. Na zaci zan ga wani matashi ɗan gayu da babbar waya. Sai ga dattijo, malamin makaranta mai ritaya, da hula zanna da tsohuwar waya wadda gilashinta ya tsage ta gefe. Na kawo masa shayi, muka gaisa, sannan na yi ta kewaye-kewaye har na iso inda za ni: ya zo ya kwana biyu kyauta, shi da iyali, in ya so ya sake duba abin da ya rubuta.

Ya ajiye kofin a hankali. "Ɗana, an gyara ruwan zafin?"

Na ce tukuna dai, Baba.

"To shaidar zur kake so in yi ke nan?"

Ban sami abin cewa ba. Da zai tafi ya zaro kuɗin shayin ya ajiye a kan tebur, na yi na yi ya ɗauka, ya ƙi. Wai ba ya cin komai kyauta a wurin da ya taɓa rubutu a kansa.

Daga ranar na fara bin diddigin irin waɗannan mutane, don in gane me suke samu. Google ya ƙaddamar da shirin Local Guides a 2015. Maki ake tarawa: sharhi ɗaya maki 10, in ya wuce haruffa 200 a ƙara wasu 10, hoto maki 5, gyara bayanin wani wuri maki 5, saka sabon wurin da babu shi a taswira maki 15. Matakai goma ne. Da maki 250 mutum ke kai mataki na huɗu, inda 'yar alama ke bayyana a jikin sunansa. Mataki na takwas, inda Baba yake, maki 15,000 ne, na goma kuwa 100,000. Ka lissafa da kanka: hoto dubu uku ne zai kai mutum inda Baba ya kai, in da hoto kaɗai yake tarawa. Kuma makin nan ba ya sayen ko ƙullin gishiri. A farkon shirin kamfanin ya riƙa ba waɗanda suka kai mataki na huɗu wurin ajiya kyauta a Google Drive, daga baya ya rage, ya zo ya janye gaba ɗaya. Masu yi ba su fasa ba.

A wasu ƙasashen ma haka abin yake. Yelp, wani shafin sharhin wuraren kasuwanci na Amurka, yana da rukunin zaɓaɓɓun masu sharhi da ake sabuntawa duk shekara, da sharaɗin mutum ya sa sunansa da hotonsa na gaskiya. Amazon kuwa, kamfanin sayar da kaya ta intanet, a 2016 ya hana 'yan kasuwa raba kaya kyauta don a yabe su, ya bar abin a hannun shirinsa na Vine, inda shi da kansa yake zaɓen waɗanda za a aika wa kayan. Su ma sun ɗanɗana irin abin da na ɗanɗana da katin ɗari biyar. Akwai kuma lissafin da wani masani, Jakob Nielsen, ya yaɗa a 2006, cewa a irin waɗannan wurare cikin mutum ɗari, casa'in karatu kawai suke yi, tara kan taɓuka jefi-jefi, mutum ɗaya ne ke ɗauke da mafi yawan aikin. Wannan ɗayan shi ne ya zo ya biya kuɗin shayinsa.

Bayan mun saba, Baba ya ba ni labarin yadda ya fara. Lokacin da gwamnatin El-Rufai ta shiga aikin sabunta gari daga 2019, an faɗaɗa tituna, an rushe kasuwanni don a sake gina su, shaguna da yawa suka tashi daga inda aka san su. Wata rana yana neman wani kantin magani, taswira ta kai shi gaban tarin ɓaraguzai. Ya yi ta tambaya har ya gano sabon wurin. Da ya koma gida, jikansa ya nuna masa yadda ake gyara adireshi a waya. Ya gyara, aka amince. Bayan wani lokaci saƙo ya shigo masa, irin wanda Google ke turowa, yana gaya masa yawan mutanen da suka kalli hoton ƙofar kantin da ya ɗora. Ya ce mini, "Shekara talatin ina koyarwa, ajin da ya fi cika ɗalibi saba'in ne. Yau ga hoton ƙofa ɗaya ya nuna wa dubbai hanya." Ya ce a da in baƙo ya sauka a tashar Kawo, dole ya sami wani ya tambaya, kuma kowa ya san nuna wa baƙo hanya lada ne. Yanzu baƙon waya yake tambaya, to shi ya shiga wayar ya zauna yana jiransa.

Ba kowa ne irin Baba ba. Akwai wani yaro mai kai saƙo a babur da ke yawan kawo wa baƙinmu abinci. Shi bai ɓoye ba, maki yake bi. Duk inda ya tsaya, daga Kasuwar Barci zuwa Panteka, sai ya ɗauki hoton allon shago. Suna gasa da wani abokinsa kan wa zai riga kai mataki na bakwai, kuma ranar da ya tsallaka maki 5,000 sai da ya nuna wa kowa a wurinmu, har mai gadi. Da farko na raina wannan dalili. Daga baya na tuna 'yan agajin masallacinmu. Ba a biyansu ko sisi, rana ta ƙare a kansu ranar Juma'a suna gyara sahu da tsare motoci, amma duba yadda mutum ke goge kakinsa, yana ji da igiyar da ke kafaɗarsa. Igiyar ba ta rage masa lada ba, ita ce ma ta riƙe shi a shekarun farko kafin aikin ya shiga jininsa. Yaron nan kuma ko ba komai kansa yake yi wa: duk adireshin da ya gyara, gobe shi ne ba zai ƙona mai yana neman gidan ba.

Wata baƙuwa kuma, ma'aikaciyar jinya da ke zuwa taro daga Zariya, abu biyu kawai take rubutawa a duk inda ta je: ko akwai wurin sallar mata, da yadda banɗaki yake. Ta ce ta gaji da zuwa wuri da yara ta tarar babu inda za ta raɓa, kuma maza masu sharhi ba sa ko tunawa da wannan. Haushi ne ya sa ta fara, ba neman suna ba. Mu ma ta rubuta mu, kuma gaskiya ta faɗa: tabarma ɗaya muke da ita, a lungun da ake ajiye tsintsiya.

Akwai gurɓatattu, kada a ce ban faɗa ba. An taɓa samun wanda ya ci abinci ya ƙoshi, aka kawo masa lissafi ya ɗaga waya yana cewa mu bi shi a hankali, shi fa Local Guide ne. Na duba shafinsa daga baya, ko'ina taurari biyar ne ko ɗaya, babu tsaka-tsaki, wato wanda ya ba shi da wanda ya hana shi. Wannan roƙo ne, kuma masu karatu ba yara ba ne, suna gane bakin maroƙi. Akwai kuma abin da ke ɗan tsaya mini a rai: kamfani mai tarin dukiya yana cin gajiyar wahalar dattijon da ke sayen data da kuɗin fanshonsa. Na taɓa faɗa wa Baba haka. Ya ce ya sani sarai, amma shi ba kamfanin yake yi wa ba.

Da na haɗa su duka, abin da na gani shi ne kowa da ƙofar da ya shigo ta, wani maki, wani haushi, wani neman lada. Amma waɗanda suka daɗe har suka yi nisa, abu ɗaya suke tsaro, wato in sun ce wuri kaza haka yake, a je a tarar haka ɗin yake. Shekaru suka ɗauka suna tara wannan yarda, ita ce jarinsu. Ni kuma na zo da kwana biyu kyauta ina so in saye ta. Sai daga baya na fahimci cewa tayin da na yi wa Baba cin fuska ne, ko da yake ni a lokacin karramawa na ɗauke shi.

Na koma wurin maigida da takarda, ba da taurari ba. Na rubuta masa duk ƙorafin da ya maimaitu a sharhin mutane. Ya yi faɗa, ya ce ni ma'aikacinsa ne ko nasu, amma ya sa aka canja hitar ruwa, aka zuba gangara ta siminti a gefen matakala, aka share wani ɗaki ƙarami aka shimfiɗa dardumai don mata. Ni kuma na ɗauki al'adar amsa kowane sharhi, mai daɗi da marar daɗi, in faɗi abin da aka gyara da wanda ba a kai ga gyarawa ba. Na lura masu yi da gaske wannan ya fi musu komai, su ga maganarsu ta motsa wani abu.

Bayan wata biyar Baba ya dawo ba tare da ya sanar ba. Ya biya kuɗin ɗaki cif, ya ce a ba shi na baya. Da asuba na hango shi a bakin ƙofa yana ɗaukar hoton gangarar, har yana taka ta da ƙafa yana gwada santsinta. Da yamma sharhinsa ya canja zuwa taurari huɗu. Ya rubuta cewa ruwan zafi ya samu, mai keke zai iya shiga da kansa, masa tana nan yadda take. Janareta kuwa, in ji shi, har yanzu yana nan jikin ɗakunan baya.