Wurare shida a wuni ɗaya

Na ajiye aikin rakiyar baƙi masu yawon buɗe ido a garin Jos a ƙarshen watan jiya. Wasunku sun bugo suna tambaya ko wani kamfanin ne ya zawarce ni. Babu wanda ya zawarce ni, gajiya na yi. Sai dai ganin sababbin yaran da suka shigo sana'ar bana, waɗanda nake tararwa a ƙofar gidan tarihi riƙe da takardar sunaye suna ƙirga kawunan ɗalibai, ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani ko wani zai amfana.

Duk wanda ya zauna a ofishinmu ya san takardar tallar Oga. Wurare shida a wuni ɗaya: gidan tarihi, gidan gine-ginen gargajiya, gidan zu, gandun namun daji, duwatsun Shere, a rufe da ruwan Assop. Shugaban makarantar da ke zaune a Kano ko Bauchi idan ya karanta sai ya ga ya tsinci dami a kala. Amma kai ɗan gari ka san abin ba ya yiwuwa. Ukun farko dai suna wuri guda a tsakiyar gari, da ƙafa ma ana zagaya su. Gandun namun dajin da aka kafa a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, yana ta hanyar Miango, faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 8, ba wurin da ake leƙawa a fito ba ne. Shere na gabas da gari. Assop kuwa yana kan hanyar Abuja, kimanin kilomita 60, sai ka wuce Riyom ka kama gangaren Hawan Kibo. Haɗa wannan da sallar azahar, da abinci, da layin banɗaki na yara cike da kwasta biyu, ka gaya mini ranar da za ta ishe ka.

Na sha faɗa masa. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Kai naka baki ne, lissafi nawa ne. Baƙo hoto ya zo ɗauka, ba karatu ba." A haka muka yi ta kora mutane daga mota zuwa mota, a sauka, a jeru, a ɗauki hoto, a koma. Yaro ya taso tun daga wata jiha ya shiga gidan tarihin Jos ya fita, abin da zai iya faɗa a gida bai wuce cewa garin akwai sanyi ba.

Abin da ya raba ni da wurin a zuciya, tun kafin in bar shi da ƙafa, ya faru ne ranar da wata makarantar firamare ta zo daga Kano. Bayan asuba suka taso, ta dajin Falgore, ba su iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Da safen Oga ya miƙo mini ambulan a liƙe, ya ce kuɗin ƙofa ne, ya shiga motarsa. Da na buɗe a bakin gidan tarihi sai na ga abin da ke ciki ko rabin wuraren ba zai biya ba, alhali makarantar ta tura kuɗinta cif tun makon da ya gabata. Na kira shi.

"Yallaɓai, kuɗin nan ba su cika ba."

"Ka san yadda za ka yi. Ka yi magana da na bakin ƙofa, ai mutanenka ne."

Mutanena ne, shi ya sa ba zan yi ba. Bayin Allah ne masu yanka rasit, kuma da wannan rasit ɗin ake bin su lissafi. Na je wurin shugabar makarantar na ce, "Hajiya, rana ta yi. In muka ce sai mun taka wuri shida, yaran nan babu abin da za su gani sai bayan kujerar mota. Ki bar ni in tsaya da su a nan, wuri uku, su gani da kyau." Ta dubi agogo, ta dubi malamanta, ta ce, "To Malam, kai ka san garinku." Maganar ambulan ban yi mata ba. Asirin maigida na rufa, na cika abin da ya rage daga aljihuna.

A duk shekarun da na yi a aikin nan ban yi wuni mai daɗin wannan ba. Na tsayar da su gaban kawunan Nok, wato tsofaffin kawunan mutum-mutumi na yumɓu, na ba su labarin tun daga tushe: yadda masu haƙar kuza suka fara tono irinsu a 1928 kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, ba tare da kowa ya san darajarsu ba, yadda a 1943 aka tono wani kai a Jama'a, wani ma'aikacin kuza ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa don korar ɓarna, har labari ya kai kunnen Bernard Fagg, Baturen da daga baya ya buɗe wannan gidan a 1952. Nan ne wurin da yara ke yin dariya kullum, abin da ya haura shekara 2,000 a ƙasa ya ƙare a gadin doya. Daga nan sai ka sa su duba da idonsu: idanun masu kusurwa uku, hudar da ke tsakiyar ido da hanci, kitso da tukkaye iri-iri, ga shi duk da hannu aka gina, cikinsa a rarake kamar yadda ake gina tukunya, sannan aka gasa. Ka ƙara musu da cewa a Taruga, kusa da Abuja, an sami matoyar ƙarfe ta mutanen wannan zamanin, wato suna narka tama tun kafin a san da Birnin Kano.

Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ba gumaka ba ne?" Wannan tambayar za ta zo muku, ko daga yaro ko daga uba, kuma kada ku yi mata dariya ko ku kauce. Abin da nake cewa shi ne, ba mu zo girmama su ba, mun zo ganin aikin hannun mutanen da suka riga mu zama a ƙasar nan ne, kamar yadda aka umarce mu da yin tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda na farko suka ƙare. Sannan in gaya musu cewa a wannan gidan dai ana ajiye da tsofaffin littattafan malamanmu na rubutun hannu, da Larabci da ajami. Yawanci daga nan hankalin kowa ke kwanciya.

A zauren tukwane dabarata tsohuwa ce. Sai in ce wa ke da naira 20, a juya bayanta. Ga Ladi Kwali nan tana gini, Bagwariyar da tukwanenta suka kai ta har Ingila da Amurka. Yaran da suka yi ta kashe wannan takarda a kan alewa ba su taɓa tambayar ko wace ce matar ba. Wata malama mai ɗan shekaru cikin tawagar ta karɓe bayanin daga hannuna ba tare da ta sani ba, tana nuna musu bambancin tulu da randa da kasko, da dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi. Na ja baya na bar ta. In baƙo ya fi ka sanin abu, ka yi shiru, ba a rage maka komai ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne gidan gine-ginen gargajiya. 'Yan Kano ne fa, amma da na tsayar da su gindin kwaikwayon ganuwar garinsu na tambayi wa ya taɓa riƙe tubali a hannu, babu ko ɗaya. Muka shiga kwaikwayon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina asalinsa a shekarun 1830, na ce kowa ya ɗaga kai. Bakan gizo ya tashi daga ginshiƙi ya lanƙwaso ya haɗu da ɗan'uwansa, babu rodi, babu siminti, azara ce ake jerawa gaɓa-gaɓa ana ɗaurewa ana yaɓe ta da ƙasa har ta ɗauki nauyin rufi. Na gaya musu wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, shi ya bi ƙasar nan yana auna irin waɗannan gine-gine yana zanawa, kuma daga aikinsa wannan wurin ya samu. Wata yarinya ta ce to me ya sa sai da wani ya zo daga nesa. Ban ba ta amsa ba, malaminta na zamantakewa na bar wa. Oga a jadawalinsa minti goma sha biyar ya ware wa wannan wuri.

Suka yi salla, suka ci abinci a inuwa, suka kewaye tsohon kan jirgin ƙasan nan na layin da ya taso daga Zariya ya iso nan a 1914 don kwasar kuza, aka rufe shi a 1957. Gidan zu muka ƙarasa da shi da la'asar, lokacin da dabbobi suka fara motsi. Suka kama hanya da sauran haske.

Bayan kwana biyu wani uba ya yi ƙorafi cewa ya biya kuɗin wuri shida, bai ga hoton ɗansa a bakin ruwa ba. Gaskiyarsa ne. Hajiya ta bugo tana neman a mayar musu da kuɗin wuraren da ba a je ba, ita ma gaskiyarta ce. Ina tsaye a ofis Oga ya buɗe muryar waya ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, yaron ne ya cika su da surutu har rana ta faɗi. Kuɗin ƙofar ma muna bincike a kai." Na ce, "Yallaɓai, ambulan ɗin da ka ba ni..." Ya ɗaga mini hannu. A ƙarshen wata aka yanke rabin albashina, kuma na tabbatar daga baya cewa kuɗin ba Kano suka nufa ba.

Surutun ban damu da shi ba, sana'ata ce. Kalmar "bincike" ita ce har yau ba ta wuce mini ba. Mutum ya cika kuɗi daga aljihunsa don ya rufa maka asiri, kai kuma ka rataya masa sata a kunnen baƙuwa. Saboda haka, ƙannena, duk wanda ya miƙo muku ambulan ku buɗe a gabansa, ku ƙirga a gabansa, ya sa hannu, ko da zai ɓata rai. Kowane rasit ku ɗauki hotonsa a waya kafin ku miƙa. In kuɗi ba su cika ba, ku gaya wa mai tawaga tun a bakin ƙofa. Maigidan da zai tura ka roƙon mai gadi ba zai tsaya maka ba ranar da magana ta tashi.

Da shekara ta zagayo makarantar ta dawo, ta ce wurare ukun nan kawai take so, kuma a tsaya kamar wancan karon. Kafin wata ya ƙare Oga ya buga sabuwar takarda, wuri uku, wai ziyarar ilimi, kuɗinta ya ɗara na wuri shida. A taron ma'aikata ya ce ya daɗe yana nazarin abin.

Sauran ba su da tsawo. Dabbobi da safe ko da yamma ake kai musu ziyara, da tsakar rana kwance za ka same su, yara su ce an cuce su. Daga Disamba zuwa Janairu ka gaya wa baƙi su zo da rigar sanyi, garin da ke sama da mita 1,200 ba Kano ba ne, kuma ba za su yarda ba sai sun sauko daga mota. Da damina kada ka hau da yara kan dutse, Shere ko Riyom, komai naci. Kududdufan da haƙar kuza ta bari suna da kyau a hoto, zurfinsu kuma ba a gane shi daga baki, yaro ba ya matsawa kusa. Ranar Sallah da kashegarinta gidan zu ba na bayani ba ne, riƙe hannu ne kawai da ƙirga kai. Ka san inda banɗaki yake da inda za a yi alwala kafin ka san shekarar da aka gina wuri. Direba ya ci abinci kafin kai ka ci. Abin da ba a rubuta a jikin allo ba, ka tambayi ma'aikatan gidan, wasunsu sun fi shekara ashirin a wurin kuma ba kasafai ake tambayarsu ba.

Littafin da na tara waɗannan bayanai a ciki, na Nok da na gine-gine da lokutan da kowane wuri ke ci, Oga ya aiko masinja ya karɓa, wai kayan ofis ne. Da kuɗina na sayi littafin, da birona na rubuta, don haka na ce a gaishe shi. Wanda ke so a cikinku ya same ni a Gangare bayan la'asar ya kai a buga masa kwafi, kuɗin bugawa kawai zai biya.